Ciwon 'Ya Mace Na 'Ya Mace Ne: Darasi A Kan Zazzagowar Mahaifa

GABATARWA

Akwai wani ciwo da ya daɗe yana damun iyayenmu mata a birni da ƙauye, amma ba safai ake jin maganarsa ba, domin kunya ta rufe bakin masu shi. Wannan ciwo shi ne zazzagowar mahaifa, wanda waɗansu ke kira saukowar mahaifa ko fitowar mahaifa. Mace takan yi shekara biyar, ko goma, ko fiye, tana fama da shi, tana noma, tana ɗiban ruwa, tana cin kasuwa, ba wanda ya sani, wani lokaci har mijinta. Alhali kuwa ciwo ne mai magani.

An shirya wannan darasi domin ƙungiyoyin mata, da azuzuwan yaƙi da jahilci, da ma'aikatan lafiya na karkara, da magidanta. Mun ɗauko misalanmu daga Kafanchan da sauran kudancin Jihar Kaduna, amma abin da ke ciki ya shafi jama'ar ƙasa baki ɗaya. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne wannan: likita yakan gama tiyatar cikin awa ɗaya ko biyu, amma ɗinkin ba ya kamawa sosai sai bayan mako shida zuwa wata uku. A cikin wannan lokaci lafiyar majinyaciya tana hannun matan da ke kewaye da ita. In sun ɗauke mata tulu da taɓarya, aiki ya yi kyau. In kuwa sun bar ta da su, to, wahalar likita da kuɗin magani na iya tafiya a banza.

1. MENE NE ZAZZAGOWAR MAHAIFA?

A cikin ƙugun mace akwai abubuwa uku da ke zaune kusa da juna: mafitsara daga gaba, mahaifa a tsakiya, ƙarshen hanji daga baya. Abin da ke tallafe da su shi ne waɗansu tsokoki da jijiyoyi da suka shimfiɗu a ƙarƙashinsu, kamar yadda ragaya ke riƙe da ƙwarya. Idan igiyoyin ragaya suka saki, ƙwarya sai ta yi ƙasa. Haka nan idan waɗannan tsokoki suka yi rauni ko suka yage, sai mahaifa ta sauko cikin farji. Wani lokaci mafitsara ce ke turo bangon gaba, wani lokaci hanji ne ke turo bangon baya, sau da yawa kuma biyu ko ukun ke saukowa tare.

Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu. A mataki na farko saukowar kaɗan ce, mace ba ta ma sani ba. A na biyu abin ya kawo kusa da bakin farji. A na uku ya leƙo waje. A na huɗu kuwa mahaifar ta fito gaba ɗaya tana reto tsakanin cinyoyi.

Alamunsa su ne: jin nauyi a mara kamar wani abu zai faɗo; jin kamar ana zaune a kan ƙwallo; ciwon baya da ke tsananta da yamma bayan aikin yini, ya lafa in an kwanta; wahalar fitsari, har sai mace ta sa yatsa ta mai da abin ciki kafin fitsarin ya fito; ɗigar fitsari wajen tari ko atishawa; wahalar bayan gida; da rashin jin daɗin saduwa da miji. Idan abin ya daɗe a waje, zane yana gogarsa, yakan bushe ya yi gyambo, ya riƙa jini da wari. In ya yi tsanani ƙwarai yana iya danne hanyar fitsari har ƙoda ta taɓu.

2. ABIN DA KE JAWO SHI

Babban dalili shi ne haihuwa, musamman haihuwa da yawa kusa da kusa, da doguwar naƙuda, da haihuwar ƙaton jariri, da sa mace nishi tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, da danna cikin mai naƙuda da hannu don wai a taimaka mata. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa, in an daidaita, kowace mace a Nijeriya takan haifi 'ya'ya 5.3, a Arewa maso Yamma kuwa 6.6, kuma cikin kowace haihuwa 100, guda 39 ne kawai aka yi a asibiti. Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin na ƙasa ya sauko zuwa 4.8.

Dalili na biyu shi ne ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru, balle ma komawa aikin ƙarfi ba a gama jego ba. Duk wanda ya san ƙasar Kachia da Kwoi da Kagarko, inda ake noman citta, ya san rabon da mata ke ɗauka: su ne wajen shuka, su ne wajen jigilar ciyawar rufe gona, su ne wajen tono da tsagawa da shanya. A gindin duwatsun Kagoro da ƙauyukan Zangon Kataf da Sanga mace takan sauko da damin itace ko daron doya, ga goyo a baya. Matan Gbagyi sukan ɗora nasu kayan a kafaɗa, sauran a ka, amma nauyin duka a ƙugu yake sauka. Jarka mai cin lita 25, in ta cika da ruwa, nauyinta kilo 25 ne, ban da nauyin jarkar.

Sauran dalilai su ne tari mai daɗewa, irin na tarin fuka ko na hayaƙin murhu. Taurin bayan gida da yawan yunƙuri. Ƙiba fiye da kima. Da ɗaukewar haila, domin a lokacin ne naman wurin ke yin laushi ya rage ƙarfi. Shi ya sa sau da yawa ɓarnar da haihuwa ta yi tun mace tana da shekara talatin ba ta bayyana sai ta kai hamsin.

3. BA KE KAƊAI BA CE

Mai wannan ciwo takan zaci ita kaɗai Allah ya jarraba da shi. Ba haka ba ne. Tsofaffin takardun magani na Masar, waɗanda aka rubuta fiye da shekara 3,000 da suka wuce, sun ambace shi. A wani bincike da aka buga a 2002, an duba mata fiye da 1,000 a ƙauyukan Farafenni na ƙasar Gambiya, aka tarar 46 cikin 100 suna da saukowar, kaɗan ko da yawa, 14 cikin 100 kuma nasu ya kai a yi tiyata. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka faɗa da bakinsu da aka tambaye su. A Amurka ma, inda ake da asibitoci birjik, wajen mace ɗaya cikin takwas ake yi wa wannan tiyata kafin ta cika shekara 80. A ƙasar Nepal abin ya kai har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2008 cewa wajibi ne gwamnati ta kula da matan da ke fama da shi.

Saboda haka, a duk taron mata na coci ko na Islamiyya ko na adashi, a tabbata akwai mai wannan ciwo zaune, ta yi shiru.

4. ABUBUWAN DA YA KAMATA A FITAR DAGA ZUCIYA

Zazzagowar mahaifa ba sammu ba ce, ba aikin kishiya ba ce, ba kuma sakamakon cin amanar aure ba ce. Ba a ɗaukarta wajen cin abinci tare ko wanka a makewayi ɗaya. Ba ciwon daji ba ce, ko da yake duk macen da ta ga jini bayan haila ta ɗauke mata, lalle ne likita ya duba ta, domin jinin na iya zama alamar wani ciwon dabam. Har wa yau ba ita ce yoyon fitsari ba. Yoyon fitsari huji ne tsakanin mafitsara da farji, fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa. Zazzagowa kuwa sakin tsoka ce.

Gargaɗi mai muhimmanci: kada a yarda wanzami ko ungozoma ko wani mai magani ya yanka abin da ya leƙo, da sunan yankan gishiri ko cire wani tsiro. Abin da ake gani a waje bakin mahaifa ne, ko bangon da mafitsara ke bayansa. Aska ɗaya na iya huda mafitsara ta jawo yoyon fitsari, ko jini ya ɓalle har a rasa rai. Haka kuma matsi da kanwa, ko alif, ko sassaƙe, ko turara hayaƙi ba sa mai da mahaifa wurinta, sai dai su ƙone naman su bar tabon da zai wahalar da likita daga baya.

5. MAGANI IRI UKU NE

Na farko, motsa tsokokin ƙasan ƙugu. Wani likitan mata na Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan hanya a 1948. Mace za ta matse gabanta kamar mai riƙe fitsari ko tusa, ta ƙirga biyar zuwa goma, sa'an nan ta saki. Ta yi haka sau goma, sau uku a yini, har wata uku ko fiye. Wannan yana taimakon masu mataki na farko da na biyu.

Na biyu, zoben roba mai laushi wanda likita ko ungozomar asibiti ke sawa cikin farji ya tallafe mahaifa. Ana komawa asibiti bayan kowane wata uku zuwa shida a cire, a duba, a wanke ko a sake. Ya dace da mai son ƙara haihuwa, da tsohuwar da jikinta ba zai ɗauki tiyata ba, da mai jiran ranar aiki. Babban haɗarinsa shi ne a sa a manta da shi shekaru har ya ci nama.

Na uku, tiyata. Yawanci ta farji ake yin ta, ba a tsaga ciki. Ga wadda ta gama haihuwa, akan cire mahaifar a ɗinke bangon gaba da na baya, a ɗaure saman farji ga jijiya mai ƙarfi. Bayan haka ba sauran haila ko ɗaukar ciki, amma zaman aure yana nan yadda yake. Ga wadda ke son a bar mata mahaifa akwai waɗansu hanyoyi. Ɗaya daga cikinsu tun 1888 aka fara ta a birnin Manchesta na Ingila. Ga tsohuwar da ta bar saduwa da namiji kuma akwai ɗan gajeren aiki na rufe hanyar, wanda wani likitan Faransa, Le Fort, ya bayyana a 1877. An taɓa yayin dasa wata raga ta roba ta farji, amma a 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta hana sayar da ita domin wannan aiki saboda illar da ta yi wa mata da yawa. Haƙƙin majinyaciya ne ta tambayi likita irin aikin da zai yi mata, da abin da za a cire, da abin da za a bari, kafin ta sa hannu.

6. INA ZA A JE?

A fara da ƙaramin asibitin da ke kusa, a nemi ma'aikaciyar jinya ko ungozoma mace in an fi sakewa da ita. Daga nan sai babban asibiti, kamar na Kwoi, ko Kachia, ko Gwantu, ko asibitin St. Louis na Zonkwa. A Kafanchan akwai babban asibitin da aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, wanda ya rasu a 2012. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da mai da shi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. A garin kuma akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta jihar. Likitan da ya duba mace shi zai faɗa ko a nan za a yi aikin, ko a ba ta takarda zuwa asibitin koyarwa: Barau Dikko a Kaduna, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko na Jami'ar Jos, ko na Bingham a Jos. Wanda ke da rajistar inshorar lafiya ta jiha ko ta tarayya ya tambaya tun da wuri abin da inshorar za ta ɗauka da abin da zai biya da kansa.

7. AIKIN 'YAN'UWA MATA KAFIN TIYATA

Kafanchan gari ne da ya bunƙasa a mahaɗar hanyar jirgin ƙasa tun wajen 1927, ya tara Fantswam, da Kaninkon, da Bajju, da Atyap, da Ham, da Hausawa, da Fulani, da Ibo, da Yarbawa. Matan wannan yanki ba baƙin taimakon juna ba ne. Akwai Zumuntar Mata a ikilisiyoyi, akwai rassan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN wadda aka kafa a Minna a 1985, akwai adashi, akwai gayya. Ba sai an kafa sabuwar ƙungiya ba. Abin da ake bukata shi ne a shigar da wannan ciwo cikin abubuwan da ake taruwa a kansu, kamar yadda ake yi wa biki da haihuwa da rasuwa.

Aiki na farko shi ne buɗe magana. Wadda aka yi wa tiyata ta warke ta fi kowa iya wannan. Kada a tsare mace a bainar jama'a. A same ta ita kaɗai, a ce, misali, "Yaya, na ga kwanan nan zama yana yi miki wuya. Ni ma bayan haihuwata ta shida na yi fama da wani nauyi a mara, na ɓoye shekaru, ashe abin yana da magani." In babba ce, a ce, "Mama, ki gafarce ni, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In kin yarda, ni zan raka ki asibiti ranar Talata." Abin da ta faɗa kuma amana ne. Ranar da sirrin mace ɗaya ya fita bakin rijiya, mata goma sun koma ɓuya.

Aiki na biyu shi ne rakiya. Mai rakiya ta riƙe tambayoyi a ka ko a takarda, ta kuma saurari amsa, domin mai ciwo tsoro kan hana ta jin rabin abin da likita ya ce. Idan majinyaciya ba ta jin Turanci ko Hausa sosai, a tafi da mace mai jin harshenta, kada a sa ɗanta namiji ya yi mata tafinta a irin wannan magana.

Aiki na uku shi ne shiri. Kafin tiyata akan auna jini, da hawan jini, da sukari, a warkar da tari da gyambo in akwai. Akan nemi dangi su ba da jini a ajiye. Ƙungiya ta nemo lafiyayyun mutum biyu tun kafin ranar. Game da kuɗi, 'yan adashi na iya sauya layi a ba ta kwasa a watan aikin. Tun da yawanci wannan tiyata ba ta gaggawa ba ce, ana iya shawara da likita a zaɓi lokacin da ya dace, misali bayan an kai amfanin gona gida, hanya ta bushe, kuɗi sun shigo hannu. Amma in fitsari ya tsaya, ko gyambo na jini, ko zazzaɓi ya shiga, to, ba a jiran kaka.

Aiki na huɗu, wanda ya fi duka, shi ne raba aikin gidanta tun ba ta tafi ba. A zauna a rubuta: wa za ta ɗebo ruwa Litinin, wa Talata, wa ke da itace, wa ke da kai niƙa, wa za ta ɗauki yaron da ake goyo, wa za ta tsare mata rumfarta a kasuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8. A ASIBITI

Za a hana ta ci da sha na waɗansu awoyi kafin aiki. Kada mai jinya ta ba ta ko kunu a ɓoye don tausayi, domin yana iya sa a ɗaga aikin ko ya jawo haɗari. Sau da yawa allura ake yi a gadon baya wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙafa, mace tana farke amma ba ta jin zafi. Bayan aiki za ta fito da robar fitsari, wani lokaci da ƙyallen asibiti a cikin farji don tsai da jini. Ma'aikatan jinya ne ke cire su, yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu, sai in likita ya ce a ƙara.

Mai jinya ta taimaka mata ta tashi ta ɗan taka tun washegari in an ba da izini, domin doguwar kwanciya na sa jini ya daskare a ƙafa. Ta lura da yawan jinin da ke fita, ta faɗa wa nas in fitsari ya ƙi zuwa bayan cire roba. Masu dubiya su taƙaita zama. Akan sallami mace bayan kwana biyu zuwa biyar. A nemi mota domin komawa gida. Doguwar tafiya a kan babur bisa hanya mai gargada ba ta dace da sabon ɗinki ba. Kafin a fita a tabbata an san ranar dawowa.

9. JEGO NA BIYU

Iyayenmu sun san mai jego tana bukatar kwana arba'in ba ta daka, ba ta ɗiban ruwa, ba ta zuwa gona. Mako shidan da likita ke cewa a huta kwana 42 ne, watau kusan daidai da arba'in ɗin. To, a ɗauki wadda aka yi wa tiyata tamkar mai jego, ko da shekarunta sittin. Bambancin kawai shi ne babu jariri, babu suna, babu masu barka, saboda haka da sauƙi a manta da ita. Raunin kuma a ciki yake, ba a ganinsa, har ita kanta bayan mako biyu sai ta ji kamar ta warke ta ɗauki tsintsiya. Nan ne 'yan'uwa za su tsaya tsayin daka.

A mako shida na farko:

(a) Kada ta ɗaga abin da ya fi butar ruwa nauyi. Ba tulu, ba jarka, ba jan guga, ba damin itace, ba goyo, ba ɗaga jika.

(b) Ba daka, ba surfe, ba tuƙin tuwon gidan yawa, ba wankin tsugune, ba fartanya.

(c) Ba saduwa da miji sai likita ya duba ya ba da izini.

(d) Kada a sa kome cikin farji. Wanka da ruwan ɗumi da sabulu ya isa. Ban da zama cikin tafasasshen ruwa, ban da gashi irin na jego. Zaren ɗinkin yakan narke da kansa, ɗan ruwa ko ɗigon jini na 'yan makonni kuma ba abin tsoro ba ne.

(e) A kiyaye taurin bayan gida. A ba ta ruwa da yawa, da faten acca mai ganye, da miyar kuka ko kuɓewa, da zogale, da wake, da gwanda, da lemo. Nama da kifi da ƙwai suna taimakon rauni ya haɗe.

(f) Ta riƙa ɗan yawo a tsakar gida kullum, tana ƙarawa a hankali. Mai salla na iya yi a zaune in ruku'u da sujada na yi mata wuya. Mai zuwa sujada a coci ta zauna a benci, ta bar rawa da tsallen Zumunta sai gaba.

Bayan mako shida sai a koma asibiti. Ƙananan ayyuka na iya dawowa, amma noma da kaya masu nauyi sai bayan wata uku. Ko bayan nan ma ya kamata ta raba kaya gida biyu maimakon ta ɗauka a tashi ɗaya, ta ci gaba da motsa tsokokin nan iyakar rayuwarta, domin zazzagowa na iya dawowa ga waɗansu mata.

Akwai kuma jinyar zuciya. Wata takan yi baƙin ciki don an cire mata mahaifa, ta ga kamar ta daina zama mace, musamman in kishiya ko dangin miji suna yi mata habaici. Wadda ta riga ta bi wannan hanya ta riƙa leƙa ta, ta gaya mata gaskiyar yadda ta ji da yadda ta warware. Zumunta a ƙafa take.

10. ALAMUN DA KE SA A KOMA ASIBITI NAN DA NAN

Zazzaɓi mai zafi ko rawar ɗari. Jini mai yawa ko guda-guda. Ruwa mai ɗoyi. Kasa yin fitsari, ko fitsari na zuba ba tsayawa. Ciwon mara da ke ƙaruwa. Amai da kumburin ciki. Kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya kantin magani. Ya kamata ƙungiya ta san mai motar da za a tasa ko da tsakar dare ne.

11. KIRA GA MAGIDANTA

Wannan ciwo wajen haifa muku 'ya'ya da ciyar da gidajenku aka same shi. Ba dalilin saki ba ne, ba dalilin ƙaurace wa ɗaki ba ne. Abin da ake nema wurin miji huɗu ne: ya ba da izini da kuɗin asibiti ba tare da jinkiri ba, ya ba da jini in ana bukata, ya yi haƙuri har likita ya ce an warke, ya kuma sa samarin gida su ɗauki ruwa da itace, domin ba inda aka rubuta cewa jarka ta mace ce kaɗai. Sarakuna, da dagatai, da limamai, da fastoci su taimaka da faɗakarwa.

12. RIGAKAFI

A je awon ciki, a haihu a hannun ƙwararriyar ungozoma. Naƙudar da ta wuce awa 12 ba ci gaba, a garzaya asibiti. Kada a danna cikin mai naƙuda. A ba da tazarar shekara biyu ko fiye kafin wani cikin. A bar mai jego ta cika arba'in ɗinta ko da damina ce. A nemi maganin tari mai daɗewa. Kada a aurar da yarinya jikinta bai ƙosa ba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne abubuwa uku ne kan sauko idan tsokokin ƙasan ƙugu suka saki?
2. Me ya bambanta zazzagowar mahaifa da yoyon fitsari?
3. Don me bai kamata a yanka abin da ya leƙo ba?
4. A ƙauyenku ko unguwarku, waɗanne ayyuka ne za a ɗauke wa mace na mako shida, kuma wa zai ɗauki kowanne?
5. Wace mace ce a ƙungiyarku kowa ya yarda da riƙon amanarta, wadda za a ɗora wa sauraron masu wannan ciwo?

Ana roƙon duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa ya karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, shugabannin mata kuma su sa shi cikin abin da za a tattauna a taronsu na gaba. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.